Taliyar Hausa: Yaushe Baƙo Ke Zama Ɗan Gida?

Wata Laraba cikin Disamba, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi, na sauka a gidan yayata a Rikkos ana kiran sallar magariba. Ban aiko cewa ina tafe ba, saboda haka ba a yi cefane da ni ba. Maigidan bai dawo daga kasuwa ba, mahaucin bakin layi kuma ya riga ya kife teburinsa. Yayata ta shiga juyayin abin da za a ba baƙo, sai babbar 'yarta, wadda ta zo hutu daga jami'a, ta ce: "Umma, ki zauna. Kawu, ka ba ni rabin awa in yi muku fasta."

Innarmu na gefe a kan darduma, ta lulluɓe da bargo tana jan carbi. Ta ɗago kai ta ce, "Wane fasto kuma da magaribar nan?" Aka kwashe da dariya. A Jos, inda masallaci da coci ke jin muryar juna, kunnen tsohuwa bai yi laifi ba da ya kai ta can. Yarinyar ta ce, "Hajiya, fasta na ce. Taliya." Inna ta ce, "To ki ce taliya mana, kishiya. Da me za ki haɗa ta?" Ta ce babu nama, kayan lambu ne da awara. Inna ta taɓe baki: "Lami ke nan."

Kafin ruwa ya tafasa an riga an kira abinci ɗaya da suna uku, kuma kowane suna da inda ya fito. Wannan ne ya sa na ja kujera zuwa ƙofar kicin, ina kallon abin da ake zubawa a tukunya ina tambayar kaina yadda kowanne ya sami sunan da muke kiransa da shi.

Mu fara da ita taliyar. Bayanin da aka fi ji a bakin mutane shi ne daga sunan ƙasar Italiya aka yanko kalmar. Harshe ba ya shan wahala wajen yarda da haka, domin Bahaushe gwani ne wajen sauke wasalin farko na kalmar aro. Shi ya mai da al-imam liman, ya mai da al-akhira lahira, ya mai da al-khabar labari. Cire "i" daga Italiya ƙaramin aiki ne a wurinsa. Sai dai a lura, Italiya lafazin Larabawa ne da na su mutanen ƙasar. Da daga bakin Ingilishi muka ji sunan, da Itali za mu ce, kuma da abincin ya zama wani abu kamar "tali".

Akwai wata kalma ta biyu da nake ganin ta cancanci a ajiye kusa da wannan. Larabawan da suna kiran busasshen ƙullun alkama mai zare-zare itriyya. Masanin labarin ƙasa al-Idrisi, haifaffen Sabta a gaɓar Maroko, ya kammala littafinsa a 1154 a fadar Sarki Roja na Biyu na tsibirin Sisili, kuma a ciki ya ambaci wani gari, Tarabiya, kusa da Falarmo, inda ake yin itriyya da yawa ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wannan shekara 141 ke nan kafin Marko Folo ya koma Banis daga Sin a 1295, abin da ya isa ya kwantar da tatsuniyar nan da ake yawan maimaitawa cewa shi ya kai wa Italiyawa taliya. Daga itriyya zuwa taliya ma tafiyar ba ta da nisa a bakin Bahaushe. Wasalin farko zai faɗi, a cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, "r" kuma ta koma "l", kamar yadda wani ke cewa harshe wani na cewa halshe.

Ko wanne mutum ya zaɓa cikin biyun, hanya ɗaya suke nunawa, wato arewa, ta hamada. Maƙwabtan kalmar ma shaidu ne. Alkama daga al-ƙamh take, alkaki daga al-ka'ak, gurasa daga ƙursa, albasa daga al-basal. Da dama cikin dangin alkama da suka daɗe a cikin abincinmu sunayen Larabci suke ɗauke da su. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da fataken Gadamas zaune da gidajensu da harkokinsu, kuma har yau akwai unguwar Dandalin Turawa a cikin birni, wadda Turawanta na asali Larabawan Arewacin Afirka ne. Kalmar Bature kanta su aka fara kira da ita, kafin masu jajayen kunnuwa su zo su gaje ta. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano daga kudu, ayarin raƙuma ya fara ja da baya. Hukuncina shi ne taliya ta riga jirgin ƙasa zuwa ƙasar Hausa, kuma a bakin Larabawa ta zo.

Ina cikin wannan lissafi Inna ta leƙo ta ga ledar da ake farkewa, ta ce ita dai da 'yar murji ce da ta fi so. Duk wanda ya tashi a Rikkos, ko Gangare, ko Unguwar Rogo, ya san ta. Ana kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan gishiri, kwaɓi mai tauri, a yanka gunduwa-gunduwa, a tura cikin ɗan injin da ake ɗaurewa a bakin benci. Ana juya hannunsa ƙullun na fitowa fale-fale, sannan a mayar da shi ta ɗaya bakin ya fito zare-zare, a rataya a igiya ko a sanda ya sha iska. Da safe yara mata su ɗauka a dafe zuwa ƙofar makaranta, a zuba manja, a barbaɗa yaji. Sunan daga aikin ya fito, murza, murji. A Tunisiya da Aljeriya har yau akwai matan da ke murza ƙananan taliya da yatsunsu, kuma sunan namu ya dace da yatsu kamar yadda ya dace da inji.

To amma 'yar murji tana da wani suna, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina: taliyar Hausa. A zamanin ƙuruciyar Inna ba wanda ke ce mata haka. Taliya ce kawai, don ba ta da kishiya. Sai da ta kamfani ta cika kantuna ta ƙwace sunan, sannan aka koma aka laƙaba wa tsohuwar "ta Hausa" domin a bambanta. Abincin da sunansa ke nuna Sisili ko Tarabulus ya wayi gari shi ne na gargajiya.

Da mutum ya lura da wannan sau ɗaya, zai riƙa ganinsa ko'ina a kasuwa. Shinkafa ba ta zama 'yar Hausa ba sai da 'yar gwamnati ta shigo. Kaza ba ta zama ta Hausa ba sai da kajin gidan gona suka bayyana, ƙwanta ma haka. Dankali mai zaƙi ya zama dankalin Hausa ne ranar da dankalin Turawa ya sauka, alhali su biyun duk daga nahiyar Amurka suka fito, ɗaya dai ya riga ɗaya isowa. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma a harkar abinci baƙon da ya kwana biyu har wani baƙon ya same shi, shi ke tashi ya ba sabon wurin zama a matsayin ɗan gida.

A nan Jos ma dankalin Turawan ya fara sauya riga. Mutanen gari, Hausawa da Birom da Afizere da Anaguta da kowa, "airish" suke ce masa kai tsaye, sunan tsibirin Ayalan. Buhunan da ke fitowa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi kuwa, in sun isa Kano ko Legas, dankalin Jos ake ce musu. Ga abu ɗaya da ake jingina wa Turawa, da Ayalan, da Jos, gwargwadon inda mai magana yake tsaye.

Yarinyar ta karya taliyar gida biyu kafin ta zuba, abin da Ba'italiye zai gani ya dafe kai. Sufageti ce, doguwa. A harshensu sunan na nufin 'yan ƙananan igiyoyi, fasta kuma na nufin kwaɓaɓɓen ƙullu, wato sunan dangin gaba ɗaya. Mu kuwa mun rarraba gadon ta wata hanya. Doguwar ita ce taliya, ko taliyar leda. Gajeriyar mai rami, mai kama da gwiwar hannu, ita ce makaroni, kuma wannan ta bakin Ingilishi ta zo mana, ta hanyar kanti. Sufageti sai a bakin 'yan makaranta, kuma ko a can ba ta tsira daga hukuncin harshenmu ba, wanda ba ya barin baƙaƙe biyu su yi karo ba tare da ya raba su da wasali ba. Dokar da ta ba mu fulawa da burodi da buroshi ita ta ba mu sufageti.

Ta ukun dangin ita ce wadda ƙananan yaran gidan suka so a dafa tun farko: indomi. Indomie sunan kaya ne na wani kamfanin Indonesiya, "Indo" na ƙasar, "mi" kuma taliya a harshensu. Irin wannan taliya mai dahuwa cikin 'yan mintuna wani Bajafane mai suna Momofuku Ando ya fito da ita a 1958, kuma a tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin Indomie a Ota ta jihar Ogun. Yau ka je teburin mai shayi a kowane lungu na Rikkos ka ce indomi da ƙwai, ba zai tambaye ka ta wane kamfani ba, duk wadda ke hannunsa ita zai farke. Abin lura shi ne ba mu kira ta taliya ba, ko da yake taliyar ce. Ta zo da sunanta a rubuce a jikin leda, rediyo da talabijin na nanata shi, ba ta ba harshe lokacin da zai raɗa mata nasa ba.

Haka magi ya yi. Julius Maggi mutumin Suwizalan ne, mahaifinsa kuma daga Italiya ya yi ƙaura, ɗunƙulensa ya fito kasuwa a 1908. Yanzu kowane ɗunƙule magi ne a wurinmu, har farin garin nan na Jafanawa mun kira shi farin magi. Sunan wani iyali na Italiya ya zama sunan ɗanɗano a Hausa. A daren nan dai yarinyar ta daka daddawa ta haɗa, bisa umarnin kakarta, wadda ta ce miyar da ba nama daddawa ce ke rufa mata asiri. Tukunyar kuma a kan risho take, don gas ya ƙare, risho kuwa kalmar Faransanci ce da muka karɓa muka gyara mata zama.

Sai kayan lambu, inda Jos ke da abin faɗa fiye da kowane gari a Arewa. Garin na zaune a kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, kuma sanyin da ke sa Inna lulluɓa shi ke sa kabeji ya naɗe, karas ya yi zaƙi. Haƙar kuza ce ta tara mutane a nan tun farkon ƙarni na 20. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya hau tudun a 1914, babban kuma ya iso ta Kafanchan a 1927. Turawan ma'adinai da 'yan mishan sun zo da irin ganyayen da suka saba ci, masu lambu suka koyi nomansu, kuma bayan kasuwar kuza ta faɗi, ramukan da aka bari cike da ruwa da bakin rafin Dilimi suka zama wuraren noman rani. Wanda ya je kasuwar Farin Gada da sassafe zai ga sakamakon a cikin kwanduna da buhuna.

Sunayen waɗannan kaya sun kasu kashi biyu. Akwai waɗanda muka ara muka lanƙwasa: kabeji, latas, kokumba, tumatir, karas. Karas abin dariya ne, domin jam'in Ingilishi muka ɗauka muka mai da shi tilo. Mai lambu ya ji Bature na neman su da yawa, ya riƙe kalmar da "s" ɗinta, yanzu ko guda ɗaya ne karas ne. Akwai kuma waɗanda muka duba muka ga suna da ɗan'uwa a gida, sai muka ba su sunansa da ƙarin launi: koren wake, koren tattasai. Attarugu kuwa ana danganta shi da ata rodo na Yarabawa, alamar cewa ba duk baƙo ne ya tsallako teku ko hamada ba. Gaba ɗayansu a kasuwa kayan gwari ne, a kicin kayan miya, a gona kayan lambu.

Ta jajjaga tumatir da tattasai da attarugu biyu, ta soya albasa a man gyaɗa, ta zuba jajjagen har ruwansa ya tsotse, ta tsaida ruwa. Karas da koren wake suka shiga tare da taliya, kabeji sai da aka kusa saukewa don kada ya narke. Italiyawa na da kalmarsu ta dahuwar da haƙori ke jin ɗan tauri. Yayata ta faɗi tata daga falo: "Kar ki bari ta caɓe, ta yi warawara." Ni da na tambayi sunan girkin, yarinyar ta ce jalof, uwarta ta ce dafa-duka. Jalof na tuna daular Jolof ta ƙasar Sanagal, dafa-duka kuwa bai aro komai a wurin kowa ba, umarni ne aka mai da shi suna.

Awarar da aka soya aka jera a kai ita ma da nata labarin. Sunan na kusa da wara, yadda Yarabawa ke kiran cukun nonon shanu, kuma da alama kama ce ta sa aka ba ta shi, don dukansu daskararru ne farare da ake yankawa. Waken da ake yin ta da shi ɗan gabashin Asiya ne, sunansa na duniya soya. Ya zo ya tarar Bahaushe na da tasa kalmar soya, ta mai da kasko, sai aka ɗaura musu aure, ya zama waken suya, kamar don suya aka halicce shi.

Saura maganar Inna, lami. Yarinyar ta ce a makaranta irin wannan abinci bejiteriyan ake ce masa, kuma a Turai da Indiya akwai miliyoyin mutanen da ba sa cin nama da gangan. Gaskiyarta. A Ingila har ƙungiya suka kafa tun 1847. Masu fassara a gidajen rediyo kan ce "masu cin ganyayyaki", abin da ke sa mai sauraro ya hango akuya. A Hausa ba mu da kalma guda ta mutumin da ya bar nama don ra'ayi, domin a wurinmu nama alamar karamci ne. Da shi ake suna, da shi ake layya, da shi ake tarbar baƙo, kuma Rikkos ba ta da nisa da 'Yan Shanu. Wanda ya bari, ko likita ne ya hana shi, ko aljihu, ko kuwa maƙwabcinmu ne Bakatolike a Juma'ar azuminsu. "Ba ya cin nama" ta ishe mu bayani.

Kalmomin da muke da su na rashi ne. Lami shi ne abin da ya rasa abin da zai ba shi armashi. Gaya shi ne tuwon da ya rasa miya. Tsura ita ce abin da ya rasa mahaɗi. Amma a duba jerin nan: ɗanwake, garau-garau, kwaɗon zogale, dambu, alale, ƙosai, faten wake, da gwaten acca da mutanen Jos suka koya daga Birom. Yawancinsu ba a sa musu nama, kuma ba wanda ya taɓa kiransu lami. Kowanne an raɗa masa suna da abin da ke cikinsa, ko yadda ake yinsa, ko ƙarar da yake yi a kwano. Lami na fitowa ne kawai a inda ido ya saba ganin tsoka ya duba bai gani ba. Ashe rabin abincinmu irin wanda 'yar jami'a ke nema wa sunan Turanci ne, mun daɗe muna cinsa ba tare da mun ji yana buƙatar wani suna na dabam ba.

Aka shimfiɗa tabarma, aka juye a babban faranti, yara suka kewaye. Ba a kira isha'i ba tukuna. Inna ta ce a ɗan zuba mata kaɗan don kada a ce ta ƙi, ta cinye, ta miƙa kwano a ƙara. Maigidan ya shigo a daidai lokacin da ƙullin tsire a hannu yana ba da haƙurin makara, ya tarar ba mai sauran wuri a ciki. Yayata ta ce gaba ta kai mu, gobarar Titi a Jos. Na tambayi Inna ko har yanzu lami ce. Ta ce, "Wannan ai dafa-dukan taliya ce da kayan lambu. Lami sai wadda aka yi da ƙyuya."

Sunan da ta ba shi ya fi na jikarta, ya kuma fi nata na farko, domin ya faɗi abin da ke cikin farantin. Shawarata ga masu rubuta girke-girke a jaridu da masu koyar da shi a rediyo da waya ita ce su bi wannan hanya. In abu na da suna a Hausa a kira shi da shi, in sabo ne a ba harshe dama ya lanƙwasa shi yadda ya lanƙwasa karas da risho. Wanda kuma Allah ya bar masa tsohuwa a gida, ya zauna kusa da ita lokacin girki ya tambaye ta yadda suke kiran abubuwa a da, ya rubuta. Yaran da ke cin indomi a teburin mai shayi yau su ne kakannin gobe, kuma ranar da wata sabuwar taliya ta shigo kasuwa, kada ka yi mamaki in ka ji ɗayansu na cewa shi dai a ba shi indomin Hausa.